Jan Layin da Ya Ƙi Fita daga Gonar Mutari

Duk wanda ya yi zaman aji a lakkwal, wato makarantar boko, tsakanin Tasawa da Mayahi shekaru ashirin baya ya kalli aikin Sadiƙu Mai Fenti, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai baƙanta tablo, allon bangon aji. Kowace shekara, in hutun damina ya kusa ƙarewa, sai ya ɗaure gwangwanin baƙin fenti da burushi biyu a bayan keke ya bi ƙauyuka. Dirakta, shugaban lakkwal, ya nuna masa tablon da alli ya ci har ya yi fari fat, shi kuwa ya naɗe hannun riga. Amma ba ya taɓa fenti sai ya yi wanki. Ya wanke da ruwa, ya bari ya bushe, ya goge da tsumma, ya matsa baya ya duba. In dirakta ya ƙosa ya ce, "Malam Sadiƙu, baƙi ne fa za ka shafa bisa baƙi, wa zai gani?" sai ya ce, "Ni zan gani," ya ci gaba da wankinsa.

A Sarkin Hausa aka haife shi. Ubansa manomin gero ne gaba da baya, uwarsa Saudatu kuwa ɗiyar makiyaya ce daga wajen Isawan. Saboda haka tun yana yaro ya iya riƙe hauya, ya kuma iya tatsar saniya, kuma kowane ɓangare in ya ga dama ya ce nasa ne, in rai ya ɓaci ya ce na wancan ne. A lakkwal bai yi nisa ba. Hannu gare shi, ba haƙurin zama ba. Ya gangara Tasawa ya koyi rubuta allunan kantuna: mai aski, mai gyaran moto, wato babur, mai sayar da isansi, wato fetur, a kwalba. Shi ne ya zana wani rago a bangon mai tsire da mutane suka riƙa cewa har kitse gare shi.

Sai injin buga hoto bisa leda ya iso gari. Cikin shekara biyu babu mai neman burushi. In wani ne da ya zauna bakin kasuwa yana tsine wa zamani, amma Sadiƙu ba irin wannan ba ne, kuma girman kansa ma ba zai bar shi ba. Ya je shagon da ake buga wa mutane takardu da ordinatar, wato kwamfuta, ya ce a ba shi kujera. Yana da shekara talatin da biyar ya fara koyon bugu da yatsa biyu, ƴan koleji na zuwa suna yi masa dariya ta gefen ido.

Mai gyaran injunan shagon, wani Misbahu da ke zuwa daga Maradi, shi ya jawo masa abin da ya canza rayuwarsa. Wata rana ya ce, "Kai da ke son zane, zo ka ga." Ya rubuta ƴan kalmomi da lambobi huɗu, ya danna, sai ga layi ya fito a gilashin ordinatar, miƙaƙƙe sambal. Ya canza lamba ɗaya, ya sake tayar da abin, layin ya karkace. Sadiƙu ya matso ya ƙura wa layin ido. Sai ya ce, "Kana nufin in na gaya mata inda za ta sa hannu, za ta sa?" Misbahu ya ce haka ne. To daga ranar Misbahu bai sake shan shayi cikin kwanciyar hankali a Tasawa ba. Da ya gaji da tambaya, ya bar masa wata tsohuwar ordinatar da littafi mai kauri na Faransanci, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Shekara uku ya yi yana fama da littafin nan. Ya fito da manhaja tasa ta kansa, ya sa mata suna Burtali.

Ga yadda take. In ka buɗe ta, taga guda ce ta cika gilashi. Hannun hagu jerin lambobi ne, waɗanda masu awon fili ke kawowa daga ƴar na'urarsu ta hannu. Hannun dama kuwa fili ne fari, mai kusurwa huɗu, wanda babu komai cikinsa sai abin da mai rubuta manhaja ya umarta a zana. Sadiƙu tablo yake ce masa. A nan gwanintarsa take. Gonaki kore, rijiya shuɗiya, hanyar shanu jan layi mai kauri. Kuma bai tsaya nan ba, don ya san mutanensa ba lamba suke karantawa ba. Ya koya wa na'urar zana gawo daban da adua, ta zana tudu, ta zana kwari. Tsoho in ya leƙa sai ka ji ya ce, "Af, ga gonata."

Waɗanda suka fara karɓar manhajar su ne kwamitin sasanta manoma da makiyaya na Rijiyar Mai Nasara, wani ƙauye a yankin Tchaké. Suna da ɗaki guda, tebur, ordinatar mai cin hasken rana, da sakatariya mai suna Aziza. Azizar nan matar ƙanen Sadiƙu ce, Sharifu. Ku riƙe wannan, don a nan gizo yake saƙa. Wata takwas tana aiki da Burtali. Duk zuwan da Sadiƙu zai yi ya tambaya ta bakin ƙanensa ko akwai matsala, amsar guda ce: lafiya lau, Yaya ya yi aiki. Shi kuwa ya koma Tasawa yana jin kansa, yana gaya wa mutanen shago cewa manhajarsa ba ta taɓa tuntuɓe ba.

Babban aikin kwamitin shi ne burtalin da ke bi ta gabashin ƙauye zuwa rijiya, ya wuce arewa. Shekara biyu ana jan magana a kansa. Kowa ya sa hannu sai mutum ɗaya, Malam Mutari, dattijo mai gona a daidai gwiwar hanyar. Awon farko ya ratsa gonarsa ya yanke masa kusurwar da gawonsa yake, gawon da ubansa ya bari. Ya ce ko sama za ta haɗu da ƙasa ba zai dangwala yatsa ba. In kuwa bai dangwala ba, takarda ba ta cika ba, ga damina ta ƙarato, shanu za su tashi arewa ba hanyar da aka yarda da ita. Kowa ya san abin da ke biyo bayan haka in shuka ta fito.

Shugaban makiyayan wurin Ardo Danda ne, kuma shi wan Saudatu ne, wato kawun Sadiƙu. Tuni ake ta ƙus-ƙus a majalisar manoma cewa ɗan ƙanwar Ardo ne ke riƙe da na'urar da ke raba ƙasa. Maganar ta kai kunnen Sadiƙu, ya yi tsaki ya ce na'ura ba ta da kawu.

Ranar Laraba aka sa za a gama. Aziza ba ta nan, ta haihu kwana goma sha biyu da suka wuce tana wankan jego a gida, don haka Sadiƙu ya hau moto tun da safe ya zo da kansa. Da hantsi aka fita fili, Ardo da Mutari da masu awo da ƴan kallo. Aka yi ta taku ana gardama har Ardo ya ce ya yarda hanya ta kauce ta bi bayan gawo, ko da shanu za su ɗan matsu a wurin. Mai awo ya ɗauki sababbin lambobi biyu. Mutari ya ce sai ya gani da idonsa a cikin akwatin nan, wato ordinatar, kafin ya ba da yatsa.

Aka dawo ɗakin kwamiti, aka cika shi har ƙofa. Sadiƙu ya zauna ya gyara hula. Ya buɗe Burtali, taswirar ƙauye ta fito da tsohon awo, jan layi kwance cikin gonar Mutari. Ya ce, "Baba, wanga shi ne na da. Yanzu ka duba." Ya goge lambobi biyu a hagu, ya buga sababbi, ya danna, ya jingina da kujera yana kallon fuskokin mutane maimakon gilashi.

Sai ya ga fuskoki sun murtuke. Ya waiwaya. Lambobi sun canza, amma jan layi yana nan daram inda yake, ya ratsa gona, ya bar gawo a hannun shanu.

Ya sake dannawa. Ya sake. Ya ce, "Ai ga lambobin nan, sababbi ne, ku duba."

Mutari ya ce, "Ni ban san lamba ba, ɗana. Gonata na sani, ga ta nan, ga gawona, ga hanyar shanun kawunka cikinta." Bai ɗaga murya ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe. "An gaya mini, na ce a'a, na san ubanka. Ashe dai a fili a ce mini bayan gawo, a cikin akwati a rubuta gaban gawo."

Ardo Danda ya ce wallahi shi bai san komai ba, wani daga cikin manoma ya ce ai dole ya ce haka, ɗaki ya fara ɗaukar zafi. Maganar nan ta soki Sadiƙu fiye da zagi, don a duniya babu abin da yake taƙama da shi kamar a ce aikinsa ba ha'inci. Ya tashi ya tare ƙofa, ya rusuna. "Baba, ka ba ni zuwa la'asar. In la'asar ta yi ban nuna maka inda cutar take ba, ka tafi, ka kuma faɗi abin da ka ga dama a kaina." Mutari ya dube shi sama da ƙasa, ya ce zuwa la'asar.

Da mutane suka watse ya zauna shi kaɗai ya bi lissafinsa layi layi. Lissafi daidai. Ya rufe manhajar ya sake buɗewa, sai ga jan layi ya bi bayan gawo tsaf. Ya mayar da tsofaffin lambobi ya danna, layi ya ƙi motsi. Abin ya ɗaure masa kai. Wata takwas Aziza na canza lambobi a wannan tebur, yaya aka yi ita ba ta taɓa gamuwa da wannan ba?

Ya hau moto sai gidan ƙanensa. To amma mutum ba ya faɗa wa ɗakin matar ƙanensa, balle mai jego. Ya tsaya tsakar gida, aka shimfiɗa masa tabarma nesa da ƙofa, uwarsa Saudatu, wadda ta zo kula da mai jego, ta zauna bakin labule ta zama gada. Ya gaida mai jego, ya tambayi jinjiri, aka amsa can ciki da ƙaramar murya. Sannan ya ce, "Inna, ki tambaye ta, in ta canza lamba zanen yana canzawa nan take?"

Saudatu ta leƙa ciki ta ce, "Ke, da ke ake." Aka yi ƴar magana ƙasa-ƙasa. Tsohuwa ta juyo ta ce, "Ta ce aikin Yaya ba shi da laifi."

"Inna, ba yabo na zo nema ba. Mutari ya tashi, takarda za ta mutu. Ta gaya mini abin da hannunta ke yi bayan ta buga lamba, ɗaya bayan ɗaya."

Daga baya muryar Aziza ta fito da kanta, tana magana kamar da labulen take. Ta ce in ta buga lamba, sai ta kai linzamin ordinatar can saman taga ta danna ɗan layin da ke sauke ta ƙasa, ta ɓace, sannan ta sake ɗago ta. In ta ɗago, zane ya gyaru. Ta ce tun satin farko ta gano haka, ta kuma saba har ba ta san tana yi ba.

Sadiƙu ya riƙe haɓa. "Wata takwas? Don mi ba ta faɗa ba?"

Saudatu ta harare shi. "Da wane baki? Ta dubi wan mijinta ta ce aikinka ya gurgunce? Kai kuma da kake shigowa gidan nan kana cika baki kamar kai ka ƙera rana, wa ka ba wa ƙofar faɗa?" Can cikin ɗaki aka ji dariyar da ake ƙoƙarin dannewa. Kunya ta rufe Sadiƙu, don ya san gaskiya tsohuwa ta faɗa.

Amma kansa ya riga ya buɗe. Na'ura ba ta sake zane don ra'in kanta. Tana zana tablo in an buɗe taga, ko in taga ta ɓace ta dawo, don a lokacin ta san wurin ya lalace. Canjin lamba a hagu kuwa ba ruwanta da shi, sai an aika mata. Shi ya ɓata shekara yana koya mata yadda ake zana gawo, bai taɓa gaya mata yaushe za ta sake zanawa ba. Kuma bai gani ba ne don duk gwajin da yake yi a Tasawa, rufe manhajar yake ya sake tayar da ita, kullum tana fara masa da sabon tablo.

A hanyar komawa wata dabara ta zo masa: ya kira Mutari, ya sauke taga ya ɗago kamar yadda Aziza ke yi, shi ke nan. Ya yi watsi da ita tun kafin ya kai rijiya. Tsohon da ke zargin ha'inci, ka ɓatar masa da taswira a gaban idonsa ka dawo da wata? Ai sai ya ce rufa ido ne, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Ya fito da tsohuwar ordinatar ɗinsa daga jaka ya buɗe cikin manhajar. A daidai inda lamba ke canzawa ya ƙara layi guda, ma'anarsa: tablo ya tsufa, a sake shi yanzu. Ya gwada. Layi ya motsa, amma sai ga jajayen layuka biyu, tsoho cikin gona, sabo bayan gawo. Sadiƙu ya yi dariya shi kaɗai har ya buga tebur. Shi da ya hana diraktoci sakat a kan wankin tablo, ga shi ya shafa sabo bisa tsoho. Ya ƙara layi na biyu a farkon zanen: a share fili fari tukuna. Ya gwada sau goma, ya zuba gyaran cikin ordinatar kwamiti, ya je ya yi alwala.

Bayan la'asar ɗaki ya sake cika. Sadiƙu bai zauna ba. Ya ce, "Jama'a, laifin nawa ne, ba na Ardo ba, ba na masu awo ba. Na koya wa abin nan zane, ban koya masa goge tsohon zane ba. Wata takwas yana haka, wadda ta gani kunyata ta hana ta faɗa, ni kuma ban tambaya yadda za a iya gaya mini ba." Ya jawo kujera ya ce Malam Mutari ya zauna gaban gilashi. Ya buga sababbin lambobi, ya kama yatsan tsoho ya ɗora bisa maɓalli. Mutari ya danna. Jan layi ya fice daga gona ya zagaya bayan gawo.

Mutari ya ce, "Maido shi ciki." Aka maido. "Fitar da shi." Aka fitar. Sai da aka yi haka sau uku, tsoho na bin layin da ido, mutane na leƙe ta kafaɗarsa. Sannan ya janye hannunsa ya share shi a riga.

"Na yarda ba ka cuce ni ba, ɗana. Wanda ya yi niyyar cuta ba ya tsayawa gaban mutane ya ce ni ne." Sadiƙu ya sauke numfashi, mai riƙe da takarda ya matso da tawada. Mutari ya ɗaga masa hannu. "Dakata. Yanzu na ga yatsa guda na shigar da shanu gonata, yatsa guda na fitar da su. Yau yatsana ne. Gobe in na mutu, na wa ne? Ni abin da ake gogewa kafin a ƙifta ido ban ba shi gawon ubana ba."

Wani ya fara bayanin cewa ai takarda ce shaida, za a buga taswirar a manna. Mutari ko kallonsa bai yi ba. Sadiƙu yake kallo. "Ba kai ne kake baƙanta tablon lakkwal ɗinmu ba? Wanda ka yi shekarar da aka haifi autana har yanzu yana nan. Ka zana mini wanga layi a bangon ɗakin ga, daga waje, inda mai wucewa zai gani, da fentin da ruwa ba ya wankewa. Ranar da ka gama, ranar zan dangwala."

Sadiƙu bai ji haushi ba. Daɗi ma ya ji, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Shekara takwas burushinsa biyu na cikin akwati a naɗe da tsumma, kuma ba wanda ya tambaye su sai yau.

Ranar Juma'a da safe ya dawo da gwangwanaye huɗu a bayan moto. Ya biya gidan ƙanensa ya ba Saudatu wani ƙaramin kaye, littafin rubutu, ya ce a ba Aziza, duk abin da ta ga ya karkace a Burtali ta rubuta a ciki ta aje bisa tebur, ba sai ta faɗa da baki ba, shi ma ba zai tambayi wa ya rubuta ba. Daga nan ya wuce ɗakin kwamiti. Aka fito da ordinatar bakin taga yana kallon taswira yana aunawa da igiya a bango. Mutari ya zo da tabarmarsa ya zauna, Ardo Danda ma ya zo ya zauna gefe, suna ta yi masa gyara kamar su suka koya masa sana'ar.

Kafin ya buɗe gwangwani ko ɗaya sai ya nemi ruwa da tsumma. Ardo ya ce, "Kai ɗan nan, bangon ai fari ne, mi za ka wanke?" Mutari ya ce, "Ƙyale shi, haka yake yi." Ya miƙe da kansa ya riƙe masa bokiti.

Kwana biyu aka yi. Ranar Asabar da yamma Sadiƙu ya ja jan layi na ƙarshe, ya lanƙwasa shi bayan gawo, ya sauko daga kan benci. Aka kawo takarda, Mutari ya dangwala. Sannan ya tsoma babban yatsansa cikin ragowar jan fenti, ya matsa jikin bango, ya danna shi a gindin gawon, ta ɓangaren gona. Ya juya ya miƙa wa Ardo gwangwanin. Ardo ya tsoma nasa ya danna ta ɓangaren hanya.

Bayan kwana tara aka yi ruwan shuka. Shanu suka tashi arewa, suka bi ta bayan gawo a matse, biyu biyu, Mutari na tsaye cikin gonarsa da kwaryar iri a hannu yana amsa gaisuwar makiyaya.